Masu zaman gidan haya, ina kuke kwanar da mashin ɗinku?

Ɗan_Lopere:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Allah ya nufa na kwashi adashi na sayi sabon Boxer, to amma wurin kwanansa ya zame min aiki. Ɗaki ɗaya nake haya a Lopere, nan Garwa. Ƙofar gidan ƙarama ce, ga dakali mai tsawo kafin a shiga zaure, kuma mai gidan ya ce ba ya son mashin a tsakar gida saboda yara da warin mai. Kullum da dare sai na ƙwanƙwasa wa wani maƙwabci, har na fara jin nauyinsa. An nuna min wani wurin ajiya kusa da babbar kasuwa, sun ce sefa 200 kowane dare. Wata ya kama jaka shida ke nan, wato sefa dubu shida, kusan rabin kuɗin ɗakina. Ku da ba ku da gareji, yaya kuke yi? Mai rahusa nake so, amma wanda hankali zai kwanta.

Bello_Yelwa:
Wa alaikumus salam. Allah ya sa alheri, ya tsare hanya. Ka je gidan mai mafi kusa da kai ka ga maigadin dare. Ni jaka uku nake ba namu a wata, in salla ta zo in ɗan ƙara masa wani abu. Akwai fitila, akwai mutum a farke. Shekarata ta biyu ke nan ko madubi ba a taɓa cire min ba.

Sani_Kilando:
Bello, ka gode wa Allah kawai. Tambaya ɗaya zan yi maka: mai gidan man ya san da mashin ɗinka a wurin? In bai sani ba, cinikin tsakaninka da maigadi ne, kuma ranar da aka canja maigadin ba ka da kowa. Wani abokin aikinmu haka ya yi. Maigadin ya tafi ƙauye jana'iza, ya bar wa ƙaninsa gadin, gari ya waye ba mashin. Da aka je wurin manaja cewa ya yi su mai suke sayarwa, ba su karɓi ajiyar kowa ba. Har kamisariya, ofishin 'yan sanda, aka je, ba takarda, ba shaida, magana ta mutu. Yaron nan har yau yana biyan mai mashin da kaɗan-kaɗan.

Bello_Yelwa:
To ai namu manajan ya sani, shi ma nasa a nan yake kwana.

Sani_Kilando:
Sani daban, ɗaukar nauyi daban.

Gwauron_Jambutu:
Ni duk wannan bai dame ni ba. A ɗaki nawa yake kwana, katifa can, shi nan. Wanda zai ɗauke shi sai ya fara tsallake ni. Kyauta kuma.

MamanIlham:
Gwauro, ranar da ka yi aure za mu ji labari. Maigidana haka ya riƙa yi farkon zuwanmu Pumpumre, mashin a falo. Labule warin fetur, kayan yara warin fetur, hatta garin tuwo sai ka ji shi. In aka yi ruwa ya shigo da laka har bakin gado. Wata rana ƙaramar ta taɓa salansa da zafi, har yanzu da tabon a hannunta. Daga ranar na ce ko ni ko moto.

Gwauron_Jambutu:
Wa ya ci, Maman Ilham?

MamanIlham:
Ga ni a ɗaki, ka ƙarasa lissafin da kanka.

Baba_Makanike:
Ku bar raha, wannan magana ce ta rai. Shekaruna da yawa a gyaran mashin, kuma abin da mutane ba su gane ba shi ne ba ruwan fetur ɗin ne ke fara kama wuta ba, tururinsa ne. Tururin ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama ya fita ta taga, ƙasa yake bi. Me ke ƙasa a ɗakunanmu? Kaskon turare, maganin sauro na kunnawa, murhun gawayi a bakin ƙofa, fitilar kwai in an ɗauke wuta. Kafireto ɗaya mai ɗiga ya isa. Ga zafin Garwa a Maris da Afrilu, ya wuce digiri 40, ɗakin kwano ya yini yana gasuwa, tanki yana ta huci.
Wanda ya zama dole ya shigar da shi ɗaki, to ya kashe shi tun a waje, ya rufe makullin mai, ya bari injin ya huce sannan ya tura shi ciki. Kuma kada a tayar da shi a ɗaki da asuba wai ana ɗumama inji. Hayaƙin nan yana da guba marar wari, mutum sai dai ya ji kansa na sarawa, jiki ya mutu. Gwauro, da kai nake.

Gwauron_Jambutu:
Na ji, Baba. Makullin mai dai ina rufewa. Maganin sauron ne zan nema wa dabara.

MaiWalda_Hausare:
Ɗan_Lopere, auna min faɗin ƙofar gidanku. Kan irin waɗannan mashinan bai kai mita ɗaya ba, yawancin ƙofofin gida suna ɗaukarsa in an ɗan karkata kan. Dakali kuma ba matsala ba ne, ana yin gada ta ƙarfe ko ta katako mai kauri, ka ɗora ka haye ka ɗauke ka jingine. Abin da na fi yi wa mutane shi ne zobe. Rodi mai kauri nake lanƙwasawa, a haƙa rami a gefen bango, a binne ƙafafunsa da kankare, zoben kaɗai ke leƙowa. Sai ka zura sarƙa ta cikinsa ta bi ta jikin firam ɗin mashin. Sau ɗaya za ka kashe kuɗi, bai kai na wata biyu a wurin ajiyar da aka nuna maka ba.

Ɗan_Lopere:
Na gode ƙwarai. Ƙofar za ta ɗauka, na gwada ranar da na kawo shi. Matsalar mai gidan ce. Mutumin da ya hana ajiyewa, shi zai yarda a fasa masa daɓe?

Hajiya_Rumde:
Bari in yi magana a madadin masu gida, tunda kullum mu ne miyagu. Ina da 'yan haya, kuma ni ma na taɓa hanawa. Ba ƙeta ba ce. Ka yarda wa mutum ɗaya, kafin wata uku mashin huɗu ne a tsakar gida, mata ba wurin shanya, baƙin mai ya ɓata siminti. Wanda ya fi ci min rai shi ne ƙofa. Mai mashin ya dawo sha biyun dare ya buɗe gida, ya fita kafin asuba ya bar ta a sake, ɓarawon da ya zo don mashin ya haɗa da tukunyar gas ɗin maƙwabciya. Wa za a kama? Mai gida.
Yanzu ga yadda muka yi. A zaure ake ajiyewa, ba a tsakar gida ba. Kowa ya ƙara jaka ɗaya kan haya, ya shimfiɗa kwali ƙarƙashin inji, ƙarfe goma a rufe ƙofa, wanda ya makara ya nemi wani wuri. Ɗana, kada ka je masa kai kaɗai kana ce masa hakkinka ne. Ka ɗauki dattijon da yake jin kunya, ko limamin unguwa, ka je da tayin kuɗi a bakinka da alkawarin gyara daɓen ranar da za ka tashi. Da wuya ya ƙi.

Sani_Kilando:
Hajiya, dokar ƙarfe goman nan ta kore mu 'yan kilando, masu acaba, ke nan. Lokacin ne ma kasuwar dare take farawa.

Hajiya_Rumde:
Shi ya sa ba na ba ɗan kilando ɗaki, Sani. Ka yi haƙuri.

Tela_Domayo:
Gaisuwa daga Marwa. Mu nan wahala ce ta koya mana. Lokacin da rikicin Boko Haram ya yi tsanani, wajen 2014 da 2015, hukuma ta taƙaita yawon mashin da dare, dole kowa ya san inda zai kai nasa kafin lokaci ya cika. Sai mu shida a layinmu muka kama wani shago da ba kowa a ciki, can cikin lungu inda ba ciniki, saboda haka hayarsa ba tsada. Jaka tara a wata, kowa jaka ɗaya da rabi. Muka haɗa kuɗi aka ƙara wa ƙofar ƙarfe, aka sa kwaɗo biyu. Har yau muna ciki, wasu sun fita wasu sun shigo.
Inda rigimar take shi ne makulli. Da farko kowa da nasa, sai aka fara samun mai ya ragu a tanki, kowa na kallon kowa. Daga baya muka mayar da makullan biyu kacal, ɗaya wurin mai shayin da ke bakin layin wanda ba ya tashi sai dare ya raba, ɗaya wurin ladan. Mai fita da asuba shi ke ajiye nasa a bakin ƙofa, mai fita da hantsi can ƙurya. In ba a tsara wannan ba, kullum sai an fitar da mashin biyar kafin mutum ɗaya ya tafi aiki.

Bello_Yelwa:
Wannan dabara ta yi. Amma kun tara ƙwai a kwando ɗaya, ranar da aka fasa shagon shida za a kwasa.

Tela_Domayo:
Shi ya sa kowanne da sarƙarsa a ciki, kuma ɗakin mai shagon bango ɗaya ne da shi.

Malam_Laynde:
Assalamu alaikum. Maganar da Sani ya ɗauko a sama tana da tushe a fiƙihu, ina so in ɗan taɓa ta. Wanda ka ba ajiya don Allah, kamar maƙwabcin da Ɗan_Lopere yake kai wa, amintacce ne. In kayan ya salwanta ba da sakacinsa ba, ba ya biya. Yana biya ne in ya yi sakaci, kamar ya bar gida a buɗe, ko ya ƙetare iyaka, kamar ya hau mashin ɗin ya tafi unguwa ba da izini ba. Mutane da yawa ba su san haka ba, sai abu ya faru a ɓata zumuncin shekara ashirin. Inda kuma kuɗi ya shiga, a zauna tun farko a faɗi abin da ke kan kowa, a rubuta, a sa shaidu biyu, in da hali jauro, wato mai unguwa, ya sani. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take. Ba rashin yarda ba ne.
Sannan masu cewa a kai harabar masallaci, don Allah a tambayi kwamiti tukuna. Ladan ba maigadi ba ne.

Ɗan_Kusuri:
Duk kuna maganar ɓarawo, ba wanda ya ambaci ruwa. Mu da ke bakin kogunan Logon da Shari mun ga abin da ya fi ɓarawo. A 2022 da 2024 unguwanni da yawa sun nutse, nan Kusuri da can Njamena wajen Waliya. Wurin da nake biya da arha, ashe arharsa don yana kwari ne. Ruwa ya shigo da dare, mashinan da ke ciki har sirdi. Mai wurin ya ce ikon Allah ne, kuma gaskiyarsa. Kafin ka biya kowa, dubi bangon wurin, ruwa yana barin zane. Ku ma na Garwa kun san abin da Binuwai ta yi a 2012.

Baba_Makanike:
Ɗan_Kusuri ya taɓo inda nake so. Mashin ɗin da ya sha ruwa, kada a taka shi, kada a danna sitata. In ruwa ya shiga silinda ba ya matsuwa kamar iska, sai ya lanƙwasa ƙarfen fistin. A tura shi a ƙafa zuwa gareji, a cire filogi, a zubar da baƙin mai, a wanke tanki da kafireto, a canja matatar iska. Mutane garin gwadawa ko zai tashi suke mayar da gyaran jaka biyar na jaka hamsin.

Abba_Njamena:
Nan Njamena wuraren ajiya na kwana suna da yawa, ana ba ka 'yar takarda mai lamba. Shawarata, ka zaɓi wurin da in ka zo ba takardar za su wahalar da kai. Wurin da yaro zai ce "ai na san ka, ɗauka kawai", haka zai ce wa wani ma. Sannan ka je da kanka ƙarfe biyun dare ka leƙa sau ɗaya, ka ga ko maigadin yana nan ko ya shimfiɗa tabarma a bayan gida.

Gwauron_Jambutu:
Ni satar mai ma ta fi ba ni haushi a wuraren nan. Da can da zuwa-zuwa, man Najeriya da ake sayarwa a kwalba, ke da arha ba wanda ya damu da rabin lita. Tun da Tinubu ya cire tallafin mai a Najeriya a Mayun 2023 kwalba ta yi tsada, gidan mai kuma lita ta koma sefa 840 a Fabrairun 2024. Yanzu a zare maka tiyo a tsiyaye lita ɗaya, an cuce ka fiye da kuɗin kwanan.

Bello_Yelwa:
Har yanzu dai zuwa-zuwa ya fi sauƙi in ka san wurin saye.

Baba_Makanike:
Ya fi sauƙi, kuma shi ke kawo min aiki. Rabin kafireton da nake wankewa datti da ruwan jarka ne.

Sani_Kilando:
Baba, kai kuwa me zai sa ka yi ƙorafi?

MamanIlham:
Jama'a an bar bawan Allah da tambayarsa an koma kasuwar mai.

MaiWalda_Hausare:
To a koma. Duk inda ka ajiye, ko zaure ko shago ko gidan mai, kada ka dogara da makullin kai. Ƙafa ɗaya ake sa masa ya karye. Kada kuma ka ɗaure tayar gaba kaɗai, noti ɗaya ake kwancewa a bar maka tayar da sarƙarka. Mashin ɗin ya ɗan haura kilo 100 ne kawai, ƙarti biyu sun ɗaga shi sun jefa a mai ƙafa uku, ko da an kulle tayoyin duka. Sai an ɗaure shi da abin da ba ya motsi. Sarƙar kuma kada ta kwanta a ƙasa, don a ƙasa ake samun wurin dannawa da almakashin rodi ko a buga kwaɗon da guduma. A ɗaure ta a tsuke, a sama. Sarƙar rijiya da ake sayarwa a kasuwa ba ta da amfani a nan, ƙarfenta laushi gare shi.

Ɗalibi_Dang:
Ni tawa matsalar daban ce, ku gafarce ni in na karkatar da zance. Ina karatu a jami'ar Ngaundere, in an yi dogon hutu nakan tafi gida Gidar in bar mashin wata biyu ko uku a ɗakin wani aboki. Duk dawowa sai ya ƙi tashi, batir ya mutu, sarƙa ta yi tsatsa. Nan kun san ruwan sama ba ya wasa.

Baba_Makanike:
Ɗana, kafin ka tafi ka rufe makullin mai, ka bar injin yana aiki har ya mutu da kansa, kafireto ya bushe ke nan, mai ba zai daskare a ciki ba. Ka cire wayar batir ta baƙi. Ka wanke sarƙa ka shafe ta da mai. Ka ɗora shi kan jak ɗin tsakiya, ka ƙara wa tayoyi iska. Ka toshe bakin salansa da tsumma, in ba haka ba zanzaro zai yi gini a ciki, ɓera kuma yana son akwatin matatar iska da wayoyi. Tunda ɗakin da ake kwana ne, ka tsiyaye tankin. In rufa za ka yi, tsohon zanin gado ya fi leda, leda tana riƙe laima ta sa tsatsa. Kuma ka tafi da makullin, don abokin da aka bar wa makulli ba ajiya aka ba shi ba.

Ɗalibi_Dang:
Na ƙarshen nan ya same ni, Baba. Na gode.

Umar_Gashiga:
Mu da ke bakin iyakar Najeriya mun san inda mashin ɗin sata yake bi. Daga Garwa zuwa nan tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce, kafin mai shi ya farka an tsallaka ta hanyar daji, ko an wargaza shi an sayar da kayan ɗaya-ɗaya. Haka na can ma suke shigowa nan. Saboda haka tun yau ka ɗauki hoton lambar shasi da lambar inji da kartigiris, wato katin rajistar mashin, da rasit, ka tura wa wani ɗan'uwanka ya ajiye. Kuma kada ka bar takardun asali a ƙarƙashin sirdi. Wasu sai su haɗa wa ɓarawo mashin da takardunsa.

Abba_Njamena:
Akwai na'urar bin sawu da ake sa wa layin waya a ɓoye cikin mashin. Wani maƙwabcina da ita ya gano nasa.

Umar_Gashiga:
Tana aiki inda akwai sabis. Layin MTN ko Orange na nan, ana shiga daji ko a tsallaka iyaka sai ta yi shiru. Ɓarayin ma sun waye, murfin gefe suke fara buɗewa.

Baba_Makanike:
Kuma tana shan batir in mashin ya daɗe a tsaye. Ni ɓoyayyen makunni na fi so, wanda ke yanke wutar filogi. Waya ce da ɗan maɓalli, ba tsada. Sai dai a sa a wurin makaniken da ka yarda da shi, kada a yi a bakin titi yara goma suna kallo.

Bello_Yelwa:
Ba inshora ke biya ba in an sace? Me muke biya duk shekara?

Sani_Kilando:
Wadda muke yanka don jandarma su bar mu mu wuce, ta dole ce, ɓarnar da ka yi wa wani a hanya take ɗauka. Sata ba ta ciki, sai ka sayi wannan daban. Buɗe takardarka ka karanta.

Ɗan_Lopere:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya bayan isha'i mun je da kawuna wurin mai gidan kamar yadda Hajiya ta ce. Ya yarda da zaure, jaka ɗaya da rabi a wata, amma ya ce ba za a taɓa masa daɓe ba ko da ƙusa. Sannan zauren ba ya kulluwa sosai, sakata ce kawai ta ciki, almajirai ma sukan kwana a ciki lokacin sanyi. A gefe guda wasu samari biyu a layinmu sun ce in za a kama shago irin na su Tela suna ciki. Ban yanke ba tukuna.

Hajiya_Rumde:
Ɗaya da rabi ya yi yawa ga zauren da ba ya kulluwa. Ka ce masa ɗaya, kai kuma ka sa kwaɗo da kuɗinka.

Tela_Domayo:
Ku uku shago zai yi muku nauyi, sai kun kai biyar. Kuma ka san su waye samarin, su wa ke shiga wurinsu.

MaiWalda_Hausare:
In daɓe ne matsalar, ba sai an fasa ba. A samo tsohuwar tayar babbar mota, a cika ta da kankare, a dasa zoben a tsakiya. Ba a taɓa masa ƙasa ba, kuma mutum biyu ba sa ɗaga ta tare da mashin. Ranar tashi ka mirgina abinka.

Hajiya_Rumde:
Tayar tirela a zaurena? Ta ina mata za su wuce da tulu?

MaiWalda_Hausare:
Ta Hilux ma ta isa, Hajiya, a kwantar da ita a lungu. Ɗan_Lopere, auna min faɗin zauren daga bango zuwa bakin hanya, ka turo kafin Lahadi, don ranar ina kasuwar Pitowa.